Ranar da Aka Miƙa wa Jarvis Tull Wasiƙa

Duk wanda ya taɓa haye kogin Thames daga matakalar Southwark a shekarun nan, da wuya a ce bai san Jarvis Tull ba. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Shi ne ɗan fiton nan mai faɗin ƙirji da karyayyen hanci, wanda in ya kai ka tsakiyar ruwa sai ya ajiye filafili ya kafa maka jawabin yaƙi, kamar kai ne rundunar abokan gaba. Baƙi sukan ɗauka taɓin hankali ne. Mu da muka san shi tun yana saurayi mun san ba haka ba ne. Mutumin nan ya yi shekaru yana taka dandamalin gidan wasa na Zalɓe, kuma ba korarsa aka yi ba, kamar yadda wasu ke yaɗawa. Da ƙafarsa ya fita. Ina wurin, da kwandon tuffata a kugu. Ga shi kuma bango ɗaya ya raba ɗakina da nasu shi da matarsa, irin bangon nan da ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu.

A kan ruwa aka haife shi, a kan ruwa ya tashi, kuma zagi ne ya kai shi gidan wasa. Wata rana ya ɗauko Humphrey Dunch, shugaban 'yan wasan Zalɓe, wanda shi ke fitowa a sarki a kowane wasa. Suna tsakiyar kogi sai wani ɗan fito ya gifta ta gabansu har ya kusa kifar da su. Jarvis ya miƙe tsaye.

"Kai, mai kan kabeji! Da cokalin uwarka aka koya maka tuƙi? Dawo nan in nuna maka inda kifaye ke kwana!"

An ce har masu wanki a ɗaya gaɓar sai da suka ɗago kai. Dunch ya dafe hularsa, ya ƙare masa kallo.

"Samari, wannan muryar kake ɓarnatarwa a kan kifaye?"

"Ba su taɓa kawo ƙara ba, maigida."

"Ka taɓa riƙe takobi?"

"Na taɓa fasa kan mai riƙe da shi."

"Gobe ka zo ka same ni."

Tambayoyin ke nan. Bai tambaye shi ko ya iya karatu ba, shi kuma Jarvis bai ga dalilin amsa abin da ba a tambaye shi ba.

To, a gidan wasa komai a kan rubutu yake tsaye. Marubuci ya rubuta wasa, a kai fada mai dubawa ya rubuta izini a ƙarshensa, a dawo da shi a damƙa wa mai riƙe littafi. Littafin nan guda ɗaya ne tak, ba mai ganin cikinsa sai shi. Shi zai zauna ya fitar wa kowane ɗan wasa nasa rabon a doguwar takarda, ya liƙa ta, ya naɗe a jikin ɗan itace. Naɗinka ba abin da ke cikinsa sai maganarka, da 'yan kalmomin ƙarshe na wanda zai yi magana kafin kai. Wutsiya muke ce musu. Ka kasa kunne, ka ji wutsiyarka ta wuce, ka cafke, ka faɗi naka. Ba ka san wa zai faɗe ta ba, ba ka san yaushe ba. Sarki kansa bai san yadda mulkinsa zai ƙare ba sai ranar gwaji.

Jarvis yakan karɓi naɗinsa, ya cusa a riga, ya nufi gida. Washegari ya dawo hannu rabbana, magana duk tana kansa. Sauran 'yan wasa suna can lungu-lungu suna motsa leɓe a kan takarda, shi yana zaune yana cin burodi da cuku. Sai aka riƙa cewa Tull akwai himma.

Himmar a gida take, matarsa ce, sunanta Sibil. 'Yar wani mai rubuta wa mutane takardu ce a bakin babban coci, ƙaramar mace mai kaifin baki, wadda ubanta ya koya wa karatu don bai sami ɗa namiji ba. Da safe takan danne naɗin da tulun gishiri a kan tebur, hannunta cikin ƙullin burodi, tana karantawa layi-layi da 'yar muryarta kamar mai lissafa kayan miya. Shi kuma ya maimaita da tsawa. Ni ta bango nake samun nawa wasan kyauta.

"'Ku tsaya, ku 'ya'yan ƙasar nan,'" in ji ta.

"KU TSAYA, KU 'YA'YAN ƘASAR NAN!"

"A hankali, jaki, za ka zubar min da madara."

Sau ɗaya yake ji, in magana ta yi tsawo sau biyu, ta zauna. Sibil ta yi ta fama ya koyi baƙaƙe. Kullum in ta gama murza burodi sai ta zana harafin farko na sunansa da yatsa a cikin garin da ya rage a tebur. Kullum sai ya sa tafin hannu ya share.

"Magana abu ce mai rai, Sibil," yakan ce. "Wanda ya kwantar da ita a takarda ya sumar da ita. Ke ki kwance ta, ni in tashe ta. Kowa da aikinsa."

"Kai dai ka ce kunyar zama kamar yaro kake ji, ƙaton banza."

Ni a ganina duk su biyun gaskiya suka faɗa.

Mutum ɗaya ne a Zalɓe ya gane, tsoho Noll Pask, mai riƙe littafi. Akwai wata al'ada: wasiƙar da za a karanta a kan dandamali ba a sa ta a naɗin kowa. Me ya sa mutum zai wahalar da kansa da haddar abin da zai riƙe a hannu? Sai a rubuta ta a takarda daban, a miƙa masa a cikin wasa, ya karanta abinsa. Amma duk sanda wasiƙa ta faɗo kan Jarvis, sai Noll ya kwafe ta tsaf a cikin naɗinsa. Bai taɓa ce masa komai ba. Jarvis bai taɓa cewa na gode ba. Sai dai duk Lahadi yakan ari kwale-kwalen ƙaninsa ya haye da tsohon zuwa wurin 'yarsa, su je su dawo suna zancen farashin kifi.

Sai annoba ta shigo. Aka rufe gidajen wasa, aka sauke tutoci, ciyawa ta fito a filin Zalɓe. Da aka sake buɗewa, Noll na cikin waɗanda ba su dawo ba.

Wanda ya gaje shi Ambrose Fenn ne, matashi mai tsafta, rubutunsa kamar an jera allurai. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai bin ƙa'ida, wanda aka faɗa masa yadda ake aiki, ya kuma yi shi yadda aka faɗa.

Wasan farko bayan annoba sabo ne fil, na wani siririn marubuci da ya fito daga jami'a. Labarin wani gari ne da maƙiya suka yi wa ƙawanya. Aka ba Jarvis sarkin yaƙi. Ba ɗan aike ba, ba mai gadin ƙofa ba, ba soja na biyu da ake sokewa tun kafin mutane su gama zama ba. Sarkin yaƙi, mai sulke da jar alkyabba, mai mutuwa a ƙarshe da jawabi a bakinsa. Abin da ya yi shekaru yana jira ke nan. Naɗin da ya kawo gida ya kai kaurin damtsen Sibil.

Suna cikin aiki da safe, na ji muryarta ta tsaya.

"Ci gaba mana," in ji shi.

"Ba gaba. An rubuta, 'Sai ya karanta wasiƙa.' Daga nan sai wutsiyar sarki, sai maganarka ta gaba."

"Duba baya."

"Na duba baya, na duba gefe. Babu, Jarvis. Noll ya mutu."

Na ji Jarvis ya zauna daɓas a kan kujera.

"Tashi ka je wurin yaron nan," in ji ta. "Ka ce masa ba ka iya karatu ba, ya ba ka ita in karanta maka. Shi ke nan fa."

"In je in tsaya gaban ɗan tawadan nan, wanda gemunsa bai gama fitowa ba, in ce masa me?"

"Abin da yake gaskiya."

"Ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba."

"Ba ka taɓa faɗa wa kowa gaskiya ba dai."

Ya je, amma ta hanyarsa. Ya tarar da Fenn a ɗakin shiri yana fiƙe alƙalaminsa na gashin dinya.

"Malam Fenn, wasiƙar nan tawa. Ba ni ita in kai gida in duba."

"Ban ma kwafe ta ba tukuna, Maigida Tull. Tana hannun marubuci, yana ta sake mata fasali. Ranar wasa za ka same ta."

"Noll yakan sa min a naɗi."

"Noll yana da lokaci. Kuma takardar da ta fita gidan nan, a shagon masu ɗab'i ake tsintarta. Layi kaɗan ne fa. Ko idonka ne ya fara rauni?"

Ga ƙofa a buɗe, ko? Da ya ce i, da magana ta ƙare. Amma Jarvis Tull bai yarda a ce wani abu nasa ya yi rauni ba.

"Idona yana hango ƙuda a kan hasumiyar gada," ya ce, ya juya ya fita.

Gwaji ɗaya ake yi gaba ɗaya, da safe, a gurguje. Da aka zo wurin wasiƙa aka miƙa masa farar takarda, Dunch ya kaɗa hannu ya ce, "Wuce, wuce, mun san wasiƙa ce, rana na yi." Aka wuce.

"Zan ƙirƙiro wani abu," Jarvis ya ce wa matarsa. "Wasiƙar maƙiyi ce. Zagi ne da barazana. Wa ya fi ni?"

"Wutsiyar fa? Sarki na jiran kalmomin ƙarshe na takardar nan. In bai ji su ba, haka zai tsaya kamar gunki har Kirsimeti."

"Zan shaƙo su a iska."

"To shaƙo. Ni ƙafata ba za ta taka wurin ba. Ba zan tsaya ina kallo ana jifan mijina da ruɓaɓɓen tuffa ba." Ta ɗaga murya ta bango. "Ke kuma maƙwabciya, kada ki sayar musu da masu tauri!"

Ranar wasa aka ɗaga tuta tun hantsi. Ranar farko ta sabon wasa ita ce ranar shari'arsa: in mutanen fili suka yi masa ihu, ya mutu ke nan, ba a sake fito da shi. Wuri ya cika maƙil. Almajiran maƙera da na masaƙa da suka gudo daga aiki, matan kasuwar kifi, 'yan fito, sojojin da suka dawo da ƙafa ɗaya, duk a tsaye a fili. Masu hannu da shuni suna rumfunan sama suna shan taba. Aka busa ƙaho, aka fara.

Kai, ranar Jarvis ya yi wasa! Da ya fito cikin jar alkyabba ya daka wa sojojinsa tsawa, tattabarun da ke kan rufi sai da suka watse. Na manta da ciniki. Wani ya zare min tuffa biyu ban ko kula ba.

Sai ɗan aike ya shigo da gudu, ya durƙusa, ya miƙa takarda. Sarki Dunch, daga kan karaga, ya ce, "Karanta mana, sarkin yaƙi, mu ji abin da kare ke haushi."

Jarvis ya ɓalle hatimi. Ya warware. Ya duba.

Ina kusa da bakin dandamali, na ga fuskarsa. Na san ya shirya barazanar da zai ƙirƙira, na ji yana gwada ta a bayan gida. Amma da idonsa ya sauka kan baƙaƙen nan masu kama da jerin tururuwa, komai ya gudu daga kansa. Mutumin da bai taɓa rasa magana ba tun da aka haife shi.

Aka yi tsit. Daga bayan labule na hango Fenn yana ta juya shafin littafi, zufa na karyo masa. Ba abin da zai iya raɗa masa, don littafin ma abin da ke cikinsa ke nan: "Sai ya karanta wasiƙa." Kalmomin nan kaf duniya wuri ɗaya suke, a hannun wanda bai iya karanta su ba.

Jarvis ya taka zuwa karaga, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, wasiƙar sarki ce. Bai kamata bawa ya riga ubangijinsa gani ba."

Dabara ce mai kyau, da a ce Dunch bai bar tabarau ɗinsa a ɗakin shiri ba. Wa ya taɓa ganin sarkin zamanin da da tabarau? Ya karɓa, ya miƙar da hannu iya tsawonsa, ya kanne ido, ya matso da ita, ya sake nesanta ta. Aka fara ƙyalƙyala a fili. Ya mayar wa Jarvis da sauri, ya ce ta gefen baki, "Karanta, don ubanka."

Sai wani tsohon ɗan fito daga can baya ya kwarara ihu:

"Ku ƙyale shi! Tull ne fa! Ko sunan kwale-kwalen ubansa bai iya karantawa ba!"

Wuri ya kece da dariya. Guntun tuffa ya faɗo kan dandamali. Wani ya biyo.

Na ɗauka zai ruga bayan labule. Maimakon haka sai ya tako a hankali har bakin dandamali, ya tsaya, ya ware ƙafafu kamar yana kan ruwa, ya bar su suka yi dariyarsu har ta fara lafawa.

"I, ban iya ba," ya ce. Bai yi ihu ba, amma har rumfar sama an ji. "Kai, mai wari daga baya, na gane muryarka, kai ka iya? Ke mai kifi, kin iya? Ku da kuke wage baki kamar ƙofar gada, ku nawa ne kuka iya? Shekara nawa ina kashe muku sarakuna, ina mutuwa a gabanku, kuna kuka kuna fyace hanci a rigar na kusa da ku. Ranar nan kun tambaye ni takarda? Garin nan na cikin ƙawanya, maƙiyi ya aiko da saƙo, sarkin yaƙi bai iya karatu ba, sarki kuma ido ya tafi. To, sai mu zauna a ci mu? A cikin mutanen gari ba mai karanta mana?"

Ya miƙa takardar ƙasa, cikin fili.

Wani ɗan hannu mai gari a farce ya fito daga tsakanin kafaɗu ya fizge ta. Wadda ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba. Ashe tun busa ƙaho tana nan bayan wani ƙaton maƙeri.

"Sunkuyo, jaki," in ji Sibil.

Mace ba ta magana a wasa, kowa ya sani. Amma ba a kan dandamali take ba, a fili take, inda ta biya kwabonta kamar kowa. Ta buɗe takarda ta fara da muryar nan tata ta lissafin kayan miya.

"'Ya kai sarkin da ganuwa ta ruɗa.'"

Jarvis ya miƙe, ya juya ga karaga.

"YA KAI SARKIN DA GANUWA TA RUƊA!"

"'Ɗanka da ka aika neman gudunmawa yana hannunmu.'"

Ya maimaita. An yi 'yar dariya a layin farko, a na biyu ta ragu. Kafin na huɗu ba ka jin komai sai ƙaramar murya a ƙasa, da aradu a sama. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kowace magana sau biyu muke jin ta, da fari a sanyaye kamar labarin mutuwa da maƙwabciya ta raɗa maka, sannan ta faɗo maka a ka. Matar da ke gefena ta damƙe min hannu.

"'Buɗe ƙofa kafin rana ta faɗi, ko mu dawo maka da shi ta saman ganuwa, gaɓa bayan gaɓa.'"

"GAƁA BAYAN GAƁA!"

Dunch ya zabura kamar an tsikare shi. Wutsiyarsa ce. Ya dafe ƙirji ya shiga kukan ɗansa, wasa ya hau hanya. Jarvis ya mutu a ƙarshe da jawabinsa, bai tsallake kalma ba. Amma da aka gama, ba sunan sarki aka kira ba, ba na marubuci ba. "Tull da matarsa!" ake ta ihu. "A sake na wasiƙa! A sake!"

Washegari da safe na shiga ɗakin shiri kai wa Dunch giyarsa, na tarar ya zaunar da Jarvis. Fenn na tsaye a gefe kamar wanda aka yi wa mutuwa.

"Da ka faɗa min, Maigida Tull," in ji Fenn. "Da na kwafe maka ita ko sau goma ne."

"Na sani, yaro. Ba laifinka ba ne."

Dunch kuwa fara'a har kunne. "Jarvis, ɗan'uwana, ka san abin da ka haƙo mana jiya? Tun asuba ake tambaya a ƙofa. Na yi magana da marubuci, zai gyara wurin, mu mayar fada a sa hannu. Ga yadda za a yi. A miƙo maka takarda, ka riƙe ta a juye. Ka sosa ƙeya. Ka shinshina ta. Mu sa ɗaya daga cikin samarinmu ya yi shigar mata ya tsaya a fili da muciya, ya riƙa ce maka jaki. Za su mutu da dariya!"

"Sarkin yaƙin fa?"

"Shi ne dai, amma na ban dariya."

"Jiya da na karanta ta, dariya ka ji ana yi?"

"Jiya daban. Abin bazata sau ɗaya yake ci." Dunch ya ajiye kofi, ya sassauta murya, kuma don Allah ba da mugunta ya faɗa ba. "Ka saurare ni. Duk Landan ta ji labari. Daga yau in ka fito da sulke, kafin ka buɗe baki wani zai yi ihu, ina matarka? Ba zan iya sake ba ka sarkin yaƙi na gaske ba, ko na so. Wannan ce kaɗai ƙofar da ta rage. Kuma mai faɗi ce, har rabo zan ba ka a cikin ƙungiya."

Jarvis ya daɗe yana kallon jar alkyabbar da ke rataye a ƙusa.

"Maigida Dunch, jiya na tsaya gaban mutane na faɗi abin da ban iya ba, da bakina, a tsaye. Wannan nawa ne. Kai kuma kana so in riƙa sayar da shi kullum da rana, ina sosa ƙeya kamar biri, wani ƙato da muciya yana kwaikwayon matata. A cikin filin nan rabinsu irina ne. In koya musu yi wa kansu dariya?"

"Wasa ne fa, Jarvis."

"Na san wasa. Na yi shi."

Ya zaro naɗin daga rigarsa, ya ajiye a gaban Fenn a hankali.

"Riƙe, malam. Rubutunka na da kyau, an ce."

Ya fita ta ƙofar gaba, ba ta baya da 'yan wasa ke bi ba.

Kada ku zaci Sibil ta tarye shi da guɗa. Kwana da kwanaki bangona na rawa. "Magana ɗaya! Magana ɗaya za ka faɗa wa yaron nan, da yanzu kana cikin alkyabbarka!" Bai musa ba. Amma da Dunch ya aiko a lallashe ta ta lallashe shi, da tsintsiya ta raka ɗan aiken har bakin titi.

Aka ba wawan ƙungiya wurin. Ya juya takarda, ya shinshina, aka yi ta dariya har hunturu ya shigo. Wasan ya karɓu, Zalɓe ta yi sabon rufi. Ba abin da ya rushe don Jarvis ya tafi, gaskiya ke nan. Shi kuwa ya koma kan ruwa, kuma yawancin waɗanda yake hayarwa masu zuwa kallon wasan nan ne. Sukan ƙura masa ido, wani ya yi ƙarfin hali.

"Kai ne wanda...?"

"Ni ne. Zauna daidai, kada ka kifar da mu."

In an kai tsakiya sai ya ajiye filafili, ya miƙe, ya ba su wasiƙar tun daga ganuwa har gaɓa bayan gaɓa, yadda ya ji ta sau ɗaya tak daga bakin matarsa. Ba mai dariya a kwale-kwalen nan. In ya gama ya zauna ya ce, "Haka ake faɗinta. Yanzu ku je ku ga ta biri."

Shi kansa Dunch ya sha ta, bayan shekaru, da ya tsufa ya shiga jirgin bai lura da mai tuƙi ba. Ya saurara har ƙarshe, ruwa na jan su ƙasa. Ya share ido ya ce, "Har yanzu ƙofa a buɗe take, Jarvis."

"Wacce? Mai muciya?"

Jarvis ya ɗauki filafili, ya tuƙa su har bakin gaɓa.

"To sauka a hankali, ranka ya daɗe, matakalar da santsi."

Yanzu gashin Jarvis ya yi fari, idon Sibil kuma ya dushe, ba ta ganin baƙi a takarda. Da safe shi ke mayar mata da abin da ta karanta masa tun suna da ƙuruciya, sarakuna da sojoji da 'yan aike, tana murza burodi tana gyara masa inda ya ƙara gishiri. In ta gama, har yau takan lalubi tebur ta zana harafin nan a cikin gari. Jiya ma na ji su.

"Wannan fa, mene ne?" in ji ta.

"Ƙugiyar kamun kifi."

"Jaki."

Sai na ji tafin hannunsa ya bi ta kan tebur, ya ɗauki filafilinsa, ya nufi kogi.